Ɗalibaina sun haddace DNA, amma ba su san shi ba

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara lafiya da basira. Ni malamar Bayoloji ce a makarantar sakandare, bana shekarata ta uku da fara riƙe alli. Na daɗe ina bin wannan fili naka, yau dai nawa kukan na kawo.

Darasin siffar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin tantanin halitta, shi ne ya ɗaure mini kai. Duk shekara in muka iso wurin, nakan zana tsani a allo, in ce ga sanduna biyu na sukari da fosfet, ga matakai a tsakiya na sinadarai huɗu da ake kira A, T, G da C, A tana kama T, G tana kama C, sai a murɗe tsanin kamar tufkar igiya. Yara su kwafa, su haddace, ranar gwaji su zubo mini shi tsaf. Ni kuma in ce na iya aiki.

Kwanakin baya wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa A ba ta kama G? Wa ya hana ta?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa gumi ya keto mini. Amsar na san ta. A da G manya ne, kowacce zobe biyu gare ta, T da C kuwa zobe ɗaya-ɗaya. Sai babba ta haɗu da ƙarama faɗin tsanin yake tsayawa daidai, kimanin nanomita 2 (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita) tun daga farko har ƙarshe. Kuma ɗaurin haidirojin biyu ne tsakanin A da T, uku tsakanin G da C. Abin da ya dame ni shi ne, shekara biyu cur ban taɓa faɗa wa ɗalibi ko ɗaya wannan ba. Da na tambaye su amfanin wannan haɗi in tantanin halitta zai rabu biyu, shiru kake ji. Alhali nan ne zuciyar darasin: igiyar ta warware, kowane sili ya zama abin kwafo, a gina masa sabon abokin tafiya. Abin da masana kimiyya Meselson da Stahl suka tabbatar da gwaji ke nan a 1958.

Sai na sake salo. Na kawo kwali da almakashi da waya, muka yanka A da G dogaye, T da C gajeru, na ce su jera yadda suka ga dama. Wallahi Malam, ban ce musu komai ba, su da kansu suka ga in an haɗa dogo da dogo tsanin ya yi ƙozo, in an haɗa gajere da gajere ya lotsa. Wani yaro ya yi tsalle ya ce, "Ashe dole ce!" Ban taɓa jin daɗin koyarwa irin na ranar ba. Daga nan na ba su labarin Chargaff, wanda ya auna ya ga yawan A daidai yake da na T, na G daidai da na C, tun kafin a san dalili. Na kawo Watson da Crick da suka fitar da siffar a Kambirij a 1953, da Rosalind Franklin, wadda hoton da aka ɗauka a ɗakin bincikenta a Landan a 1952 ya nuna murɗin. Da na ce ta rasu a 1958 tana da shekara 37, kyautar Nobel ta 1962 kuma ta tafi ga Watson da Crick da Wilkins, abokin aikinta a Landan, 'yan matan ajin ba su bar ni na fita ba sai da aka kaɗa ƙararrawa sau biyu.

Mun ma ciro DNA daga yawu, da ruwan gishiri da sabulun ruwa da sifirit mai sanyi. Wani farin abu kamar zare ya taso, amma yara suka ɓata rai, wai su tsanin suke son gani da ido. Na ce musu sirantarsa ta wuce nan, tunda wanda ke cikin tantani ɗaya na jikin mutum in aka miƙe shi zai kai kusan mita 2, amma yana ƙunshe a ƙulle-ƙulle 46 da ake kira kuromosom. Ban ga alamar sun gamsu ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Wannan duk ya cinye mini mako biyu, darasin da a tsari na kwana biyu ne. Shugaban sashenmu ya kira ni ya ce manhaja na da tsawo, ranar jarrabawa ba wanda zai tambayi yaro kwali, in koma allo in ƙarasa. Raina ya sosu, amma yana da gaskiyarsa, domin har yanzu ba mu taɓa rabuwar tantani ba, balle dokokin gado na Mendel. Ni kuma zuciyata ta ƙi yarda in koma karatun aku bayan na ga abin da na gani. Ina zan tsayar da iyaka? Wane ɓangare ne ya cancanci a ɓata masa lokaci, wanne za a ratsa a wuce?

Akwai kuma wadda ta fi ba ni kunya. Da na zauna na kwatanta tsaninmu da na littafi, sai na ga mun murɗe shi hagu, alhali DNA ɗin da aka saba samu a jiki murɗin dama yake yi. Sannan mun jera silin biyu suna fuskantar wuri ɗaya, bayan kuwa kai da ƙafa suke kwana, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Laifina ne, ni na nuna musu. Yanzu haka yana rataye a gaban aji, yara sun rubuta sunayensu a jiki, har 'yan wasu azuzuwan suna leƙowa kallo. In sauke shi a ɓoye in gyara, ko in tsaya gabansu in ce malamarku ta yi kuskure? Ina tsoron kada su raina ni, su daina yarda da abin da nake faɗa. Ranar Litinin zan sake shiga ajin, don Allah Malam a taimaka mini da amsa kafin nan.

Taka,
Malamar Bayoloji