Godiya ga mai shagon walda na kusa da mu a Houston

Assalamu alaikum Malam, da kai da yaran shagonka baki ɗaya.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin 'yan'uwanmu mazauna Texas su san inda za su kai aikin ƙarfe. Godiyar kuwa ta ƙafar ƙarfen da ka ƙera mini ce, wadda ta ɗaga injina na cika harsashi daga kan tebur. Ka san ni da farautar barewa idan lokacinta ya kama a watan Nuwamba, kuma kamar mafarauta da yawa a nan, ni nake sake cika harsasaina da hannuna. Dokar Amurka ta yarda mutum ya yi haka don amfanin kansa, sayarwa ce take buƙatar lasisin gwamnatin tarayya. Masu karatu daga gida su lura, a Najeriya ba haka abin yake ba, dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba.

Injin da nake aiki da shi ƙirar Rock Chucker ne na kamfanin RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a Oroville ta Kalifoniya a 1943. Zubin ƙarfe ne mai nauyi, da dogon mariƙi da ake dannawa ƙasa. Duk kwanson harsashin da aka harba yakan ɗan buɗe, sai an matse shi ya koma awonsa, kuma na harsashi samfurin .30-06 yana son ƙarfi sosai. Teburin gareji kuwa tsayinsa inci 36 ne, daidai da kantar kicin, ga shi injin a bakin tebur ake ɗaure shi, mariƙinsa na sauka har wajen gwiwa. Kowane kwanso sai na sunkuya. Kafin in gama kwali ɗaya ƙugu ya riƙe, kafaɗa tana zogi.

Abin da ya burge ni, Malam, da ka zo ba teburin ka fara aunawa ba, ni ka auna, kamar yadda tela yake yi wa mai ɗinki. Ka tambaye ni a tsaye nake aiki ko a zaune. Ka sa na kama mariƙin na sauke shi har ƙarshe kana kallon bayana, yaronka yana cusa guntayen katako a ƙarƙashin injin ɗaya bayan ɗaya, har muka kai inda hannuna yake miƙewa a ƙarshen dannawa ba tare da na ranƙwafa ba, ƙwallon mariƙin kuma idan ya koma sama yana tsayawa kusa da kafaɗata. A nan ka ɗora tef, ya ba da inci 9. Akwai irin waɗannan ƙafafun na kanti da kamfanoni kamar Dillon suke sayarwa, kuma kai da bakinka ka gaya mini, ba ka ɓoye don neman ciniki ba. Na fi son naka saboda a jikina aka yanka shi.

Ƙafar da ka ƙera ta farantin ƙarfe ce mai kauri, gindinta ya fi samanta faɗi, don nauyin dannawa ya bazu a kan tebur maimakon ya taru a baki. Ka ƙi ɗaure ta da sukurun katako, ka ce da sannu za su yi ta sassautawa. Ka huda teburin har ƙasa, ka zura noti, ka tare kowanne da wani farantin ta ƙarƙashi, sannan ka kafe teburin kansa a ginshiƙan cikin bango. Yanzu ko na danna da dukan ƙarfina, kofin shayin da ke gefe ba ya motsi.

Akwai amfanin da ya fi sauƙin ƙugu muhimmanci a wurina. Da injin ya tashi sama, bakin kwanso ya zo kusa da idona, ina ganin albarushin da ke ciki kafin in ɗora kan harsashi. Kwanson da ya tafi babu albarushi, ko aka zuba masa fiye da kima, yana iya fasa bindiga a hannun mai ita. Da ka ji haka sai ka ƙara mini ɗan maƙalin fitila a gefe, ba ka kuma karɓi ko sisi a kansa ba. Aljihun teburin da mariƙi yake tarewa a da ma yanzu yana buɗewa.

Ranar da ka ce za ka kawo, ranar ka kawo, yaranka kuma sai da suka share garin ƙarfe da na katako kafin su fita. Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa, ya yi wa yaran nan albarka su gaji hannunka.

Naka,
Wani ɗan'uwa mafarauci, Houston