Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shagon kekunan da ya tsaga mini keken kabon a Lekki

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji, tare da manajan shagonka.

Ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau uku ina tasowa daga Agege zuwa shagonku, wanda ya san Legas kuwa ya san yini guda ke nan mutum ya ba hanya: ka ci cunkoson Ikeja, ka hau gadar Third Mainland, ka sake cin wani a Lekki. Na kira waya, na tura hotuna ta WhatsApp, amsar dai ɗaya ce, wai ana dubawa. Yau mako biyar ke nan ana dubawa. Ban ambaci sunan shagon a nan ba saboda mutuncin da ke tsakaninmu, amma kai da yaranka kun san da ku nake.

A hannunku na sayi keken nan shekara biyu da suka wuce, bayan likita ya ce in nemi motsa jiki saboda hawan jini. Akwai shaguna da dama da zan iya zuwa, na zaɓi naku don an ce mini na ɗan'uwa ne, Bahaushe, in wani abu ya taso za a fahimci juna. Ranar da na biya kuɗin, manajanka da bakinsa ya ce mini kada in kuskura in kai wa mai gyaran keke na bakin titi, domin kabon ba ƙarfe ba ne, in dawo da shi wurinku kawai. Na riƙe maganar. Duk ranar Asabar bayan Asuba nakan sa keken a mota in je Ikoyi, mu haɗu da abokan hawa mu tsallaka gadar Lekki zuwa Ikoyi mu dawo kafin motoci su yi yawa. In na koma gida in wanke shi da bokiti da soso mai laushi, in goge sarƙa in ɗiga mata mai, domin iskar nan ta bakin teku gishiri gare ta, ba ta barin ƙarfe ya huta. Ko a rana ba na barinsa, a falo yake kwana, har iyalina suna tsokanata wai amaryata ce.

To, na kawo muku shi don sabis kafin damina ta kankama. Da na zo ɗauka sai na tarar ba a gama ba, na leƙa ta ƙofar baya. Keken yana rataye a jikin abin da kuke damƙe kekuna da shi, an matse shi ta bututun sama, wato sandar da ke tsakanin kai da sirdi. Na ce wa yaron ai ba nan ake kamawa ba, ta sandar sirdi ake kamawa. Ya yi dariya ya ce, “Oga, kar ka damu, kullum haka muke yi.” Gefe guda kuma wani yana fesa wa wani keken ruwa da injin wankin mota, bakin tiyon a kan tsakiyar wili, daidai wurin boris. Da na san abin da zai biyo baya, da a ranar na ɗauke kayana.

Kwana biyu bayan na karɓo keken sirdi ya fara zamewa ƙasa ina cikin tafiya. Na dawo. Yaron ya ɗauko alanki, ya kama notin zoben da ke riƙe sandar sirdi, ya murɗa, ya ƙara murɗawa har da dafa keken da gwiwa. A jikin zoben nan an rubuta 5 Nm ɓaro-ɓaro, iyakar ƙarfin da kamfanin da ya ƙera ya yarda a ɗaure shi ke nan. Ana auna shi ne da sifana mai awo, wadda take yin ƙas in an kai adadin. Na tambaya ina taku, aka ce tana wajen oga a kulle. Kayan aikin da aka kulle a durowa, wa yake yi wa amfani?

Asabar ta gaba, muna gangarowa daga kan gada, na ji wata ƙara ƙarƙashina kamar an taka busasshen kara. Na tsaya. Ƙasa da zoben sirdi akwai wata tsaga siririya kamar gashi, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba. Wani abokin hawanmu, injiniya ne, ya zaro sandar sirdin ya shafa, ya nuna mini yatsansa: giris ne na mota, baƙi ƙirin. Nan na gane yadda aka yi. Sandar kabon ba a sa mata giris. Akwai wani man shafawa da ake yi musamman dominta, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa a ciki, wanda yake sa ta kama ba tare da an matse da ƙarfi ba. Ku kuka shafa giris, sandar ta yi santsi ta zame, kuka bi ta da ɗauri har bututun ya tsage. Sai ya ɗauko tsabar kuɗi yana ƙwanƙwasa bututun sama a hankali. Ko'ina ƙarar tana fita tas, da ya zo tsakiya, inda bakin abin damƙarku ya bar shaida biyu a jikin fenti, sai ta koma dum-dum kamar an buga kwali.

Abin da yake ba ni tsoro ke nan, Alhaji. Tsohon Raleigh na mahaifina in ya bugu lotsawa yake yi, ido ya gani, a kai wa maƙeri ya miƙe shi. Kabon zare ne aka shimfiɗa hawa-hawa aka haɗe da danƙo. Yana iya rabuwa ta ciki fenti yana nan yana ƙyalli, ranar da zai bari kuma ba ya sallama. Ku yi tunanin abin ya same ni a kan titin Lekki zuwa Epe, tifar yashi tana bayana.

Da na kawo muku, manajanka ko taɓa wurin bai yi ba ya ce rami na faɗa, garanti kuma ba ya ɗaukar haɗari. Ramuka kam akwai su a Legas, babu mai musu. Amma rami tayar gaba yake fara duka, ɓarnarsa a wili ko ƙahon gaba ko wuyan keke ake ganinta. Wane irin rami ne zai tsallake duk waɗannan, ya je ya shafa wa sandar sirdi giris, ya bar sawun haƙora biyu a tsakiyar bututun sama? Wilina biyu lafiya lau suke, ko karkacewa ba su yi ba. Har cewa ya yi in kai wa mai walda. Mai sayar da keken kabon ne yake faɗin haka!

Ga abin da nake nema. Ku ɗauki nauyin kai firam ɗin, wato gangar jikin keken, wurin wanda ya san gyaran kabon, ya duba shi ciki da waje, ya ba da sakamako a rubuce. In zai gyaru ku biya, in ba zai gyaru ba ku ba ni wani firam irinsa. Ku mayar mini da kuɗin sabis. Yaron kuma kada ku kore shi a kan maganata, abin da aka koya masa ya yi. Ku fito da sifanar nan daga durowa ku nuna masa yadda ake aiki da ita, domin ranar da na leƙa na ƙirga kekunan kabon huɗu suna jiran layi.

Rasit ɗin saye da na sabis suna hannuna, hotunan tsagar da na giris ma haka, abokan hawana uku kuma sun ce za su tsaya shaida. In har ranar Asabar mai zuwa ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Da ƙarfe goma na safe zan iso shagon da keken, ina roƙon Alhaji ya kasance yana nan da kansa.

Wassalam.

Abokin cinikinku daga Agege, Legas.