Kada a Gaggauta Yi wa Sandar Giyar Babur Walda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu manyan baburan doguwar tafiya game da sandar canza giya idan ta fara lilo a ƙarƙashin ƙafa.

Sandar nan tana zaune ne a kan wani ƙarfe mai ƙananan haƙora da ya fito daga cikin inji, kuma noti guda ne ke matse ta. Idan girgizar hanya ta sassauta shi aka ci gaba da tafiya, haƙoran ne ke cinyewa, har giya ta daina shiga. Gyaran da wuri ba shi da wuya: a zare notin gaba ɗaya, domin yakan zauna cikin wani tsagi a jikin ƙarfen, a cire sandar, a wanke haƙoran, a mayar da ita daidai tsayin da ƙafa ta saba, sannan a ɗaure da sifana, galibi lamba 10, ba tare da ƙarfin da zai karya notin ba. A baburan da ke da ƙaramar sandar haɗi tsakanin sandar giya da ƙarfen, a duba gaɓoɓinta biyu, kuma a tuna cewa notin gefe ɗaya yakan ɗauru ne ta hagu.

Abin da ya fi damuna shi ne makanikan da ke garzayawa wurin mai walda don a liƙe sandar a jikin ƙarfen, kamar yadda aka yi wa babur ɗina a wata tafiya. Zafin walda yana ƙona robar da ke hana baƙin mai zubowa ta gefen ƙarfen, kuma ranar da za a canza robar sai an yanke waldar ko ƙarfen, wataƙila ma a buɗe inji, alhali sabuwar sanda ta fi araha nesa ba kusa ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano