Wa ya kashe rediyon gari? Darasi daga tashar KGO

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in tanka wata magana da ta zama ruwan dare, wai intanet da wayar hannu ne suka kashe tashoshin rediyo masu matsakaicin zango, wato AM. Ban yarda da wannan bayani gaba ɗayansa ba, kuma hujjata ita ce tarihin tashar KGO ta birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka.

Kamfanin General Electric ne ya buɗe ta a birnin Oakland da ke maƙwabtaka da San Faransisko a watan Janairun 1924, daga baya ta koma hannun kamfanin watsa labarai na ABC. Ta kasance kan zango 810, da ƙarfin wat 50,000, iyakar abin da dokar Amurka ta yarda wa tashar AM. Da dare, lokacin da sararin sama ke dawo da sautin matsakaicin zango ƙasa, akan kama ta a wurare masu nisan gaske a gaɓar yammacin ƙasar. A farkon shekarun 1960 ta rage kiɗa ta koma labarai da hira, ta buɗe layin waya ga jama'a.

Wannan layin waya shi ne ran tashar. Mai gabatarwa yana zaune gaban makirufo, a bayan gilashi ga mai tace kira yana tambayar kowa sunansa da unguwarsa da abin da ke tafe da shi, fitilun layuka suna ta ƙyaftawa. Direban tasi ya kira kan wata gada da ta cunkushe, malamar makaranta ta kira kan kasafin ilimi, magajin gari ya zo ya zauna a ɗakin watsa shiri mutane su yi masa tambaya ido rufe. Mai gabatarwa irin Ronn Owens, wanda ya fara a 1975, ya yi shekaru da dama yana wannan aiki, har ya san titunan da masu kira ke kuka da su ba sai an yi masa kwatance ba. Da haka tashar ta riƙe matsayi na ɗaya a yankin sama da shekara 25 a jere, alhali FM na nan da sautinta garau, talabijin ma na nan. In da ƙarar shuu ta AM ce ke korar masu sauraro, ai da tun a lokacin sun watse.

Abin da ya sauya shi ne masu tashar. A 1996 Amurka ta yi dokar sadarwa da ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasa. Manyan kamfanoni suka ci bashi suka yi ta sayen tashoshi, bashin kuma sai an biya. KGO ta koma hannun kamfanin Citadel a 2007, sannan kamfanin Cumulus a 2011. Kafin shekarar ta ƙare aka sallami yawancin masu gabatarwa da mutane suka saba da muryarsu. Lissafin a fili yake: ɗauko shiri guda daga wani gari a watsa shi a tashoshi ɗari ya fi araha a kan biyan ɗan gari albashi. Amma mai magana daga nesa ba ruwansa da bututun da ya fashe a unguwarku. Masu sauraro suka ja baya, sai aka juya aka ce ai ga shi ba a sauraron AM.

Ranar 6 ga Oktoban 2022, ana tsakiyar shirin safe na mai gabatarwa Mark Thompson, aka katse shi da gajeriyar sanarwa. Bayan 'yan kwanaki zangon ya koma hira kan cacar wasanni. Tashar da ta kusa cika shekara ɗari ba a ba ta ko yini guda ta yi sallama da mutanen da suka rayu da ita ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin waɗanda suka fi dogara da irin wannan tasha su ne tsofaffi, da makafi, da masu aikin dare.

Ban ce intanet ba ta janye tallace-tallace ba, ta janye. Sai dai ta tarar da gidan an riga an kwashe masa ginshiƙai.

Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilanku su bi tsofaffin masu gabatarwa da injiniyoyin irin waɗannan tashoshi tun suna raye, a ɗauki bayaninsu. A kuma tambayi masu tashoshin ina kaset-kaset ɗin shirye-shiryen kiran waya suke, wa ke ajiye da su, kuma ko za a miƙa su ga ɗakunan karatu kafin su lalace.

Na gode.

Naku,
Mai karatu kuma masoyin rediyo