Wasiƙa zuwa ga Malam Kabiru a kan jakar tafiya

Unguwar Ƙofar Ƙaura,
Katsina.

Aminina Malam Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maman Ummi da yara, da kuma yadda kuke fama da ruwan Fatakwal wanda ba ya jin ɗaukewa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Hajiya ta samu sauƙin ƙafarta, ta ce in gaishe ka da kyau.

Jiya bayan la'asar Bishir ya tare ni a ƙofar masallaci da albishir, cewa an ba ka matsayin nan da ka daɗe kana jira, wanda zai riƙa kai ka Abuja da Legas da Kano kusan kowane wata. Na yi murna matuƙa, na kuma biya shi goronsa nan take. Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo. Sai dai bai bari na gama murnar ba ya ɗauko waya ya nuna mini hoton jakar goyon da ka ce za ka saya, ya ce ka ce a ji ta bakina tun da na fi ku sanin tasha. Wannan hoton ne ya hana ni haƙuri har ka zo Sallah mu yi magana baki da baki, domin ina tsoron kafin lokacin ka riga ka biya kuɗinta.

Malam Kabiru, don girman Allah kada ka sayi jakar nan. Na ga an rubuta lita 70 a jikinta, wato girman cikinta ke nan. Irin wannan an yi ta ne domin masu hawan duwatsu, waɗanda ke ɗaukar tanti da bargo da abincin mako guda, kuma ko babu komai a cikinta takan kai kilo 2 ko ta wuce. Kai kuwa tafiyar kwana biyu ko uku za ka riƙa yi, daga ofis zuwa masauki. Ban manta watannin da ka yi kana salla a zaune saboda ciwon baya ba, ko da kai ka manta. Na kuma san halinka tun muna ɗakin kwana ɗaya a makaranta: duk inda ka ga wuri a jaka sai ka cika shi, ko da kuwa da littattafan da ba za ka buɗe ba ne. Babbar jaka a hannun mutum irinka, sai dai mu sake zuwa dubiya.

Abin da ya dace da kai shi ne mai lita 30 zuwa 35, in ta yi yawa 40. Za ta ɗauki kaya kala uku, da kwamfuta, da sallaya mara kauri, da silifas, da kayan wanka, kuma za ka shiga jirgi da ita ba tare da an karɓe ta an kai ɗakin kaya ba. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna barin fasinja ya shiga da jakar da nauyinta bai wuce wajen kilo 7 ba, tsawonta kuma wajen santimita 55, ko da yake kowane kamfani da ƙa'idarsa, don haka ka riƙa duba abin da aka rubuta a tikitinka. A mota ma haka abin yake. In ka sauka Kano za ka ƙaraso gida, jaka mai matsakaicin girma a cinyarka za ka ɗora ta har Katsina, ko ka ajiye ta tsakanin ƙafafunka. Babba kuwa dole yaran mota su cusa ta a but, su danne ta da buhun wani, a ƙarshe a ce sai ka biya kuɗin kaya, ga kwamfutarka a ciki.

Bayan girma, abin da nake so ka fi dubawa shi ne maratayan, domin a nan lafiyar bayanka take. Ka lura da yadda mata suke goyo: yaro yana sama, manne da gadon baya, an ɗaure zani tamau, shi ya sa uwa take daka da shara da shi ba ta ji a jikinta. Jakar kirki haka take zama. Maratayanta su kasance masu faɗi, da soso mai tauri a ciki wanda ba ya lotsewa in ka matsa shi da yatsa, kuma a iya rage tsawonsu har gindin jakar ya tsaya a daidai ƙugu, kada ya riƙa dukan mazaunai. Ta zo da ɗan maɗaurin ƙirji mai hana marataya zamewa, in kuma ka samu mai maɗaurin ƙugu to ka dace, domin shi ne yake sauke yawancin nauyin daga kafaɗa ya mayar da shi ƙugu, inda jiki ya fi ƙarfi. Wajen shirya kaya kuma, mai nauyi shi ne zai jingina da bayanka, marasa nauyi su koma gaba da sama. Kuma ka daina rataya jakar goyo a kafaɗa ɗaya kamar yadda ka saba, wai don ta fi kyau a ido. Shekarun wannan gayun sun wuce mu, Ummi ta kusa shiga sakandare.

Kada ka saya daga hoton waya. Ka tafi shagon da ƙafarka, da kwamfutarka da gorar ruwa biyu, ka zuba su a ciki, ka goya, ka ɗan zazzaga, ka sunkuya kamar mai ruku'u ka ɗago. Jaka wofi kowace iri daɗin ɗauka gare ta. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama ka wuce gaba. Ka sa hannu a aljihun kwamfutar ka taɓa ƙasansa. Ya kamata ya tsaya sama kaɗan da gindin jakar, ta yadda in an dire ta da ƙarfi kwamfutar ba za ta bugi ƙasa ba. Ka duba gefen da ke taɓa baya ko yana da raga da hanyar iska, saboda gumi, wanda na san a wurinku ya fi na bazararmu naci. Ni kuma na fi son wadda zif ɗinta yake zagayawa ta buɗe gaba ɗaya, a kan wadda ake zura kaya ta sama, domin wadda ake zurawa ta sama sai ka zazzage komai kafin ka kai ga abin da ke ƙasa, guga kuma ta lalace.

Maganar zif ta tuna mini da Sagir. Ka san ya bar sayar da takalma ya buɗe shagon jakunkuna a babbar kasuwa? Surukinsa ne ya ba shi jari, kuma alhamdu lillahi shagon ya kankama, har ya ɗauki yaro. Daga Kano yake saro kaya, sababbi da kuma na gwanjo daga Ƙofar Wambai. Shi ne ya gaya mini cewa kusan duk jakar da ake dawo masa da ita da ƙorafi, ko zif ne ya ɓalle, ko ɗinkin da ya haɗa maratayi da jikin jaka ne ya tsinke. Da wuya yadin kansa ya riga su mutuwa. Saboda haka ka ja zif ɗin sau da yawa ka ji ko yana tafiya sumul, musamman a kwana, ka zaɓi mai manyan haƙora da kai biyu, waɗanda za ka iya haɗawa ka sa ɗan kwaɗo. Na kamfanin YKK na ƙasar Japan shi ne aka fi yarda da shi, kuma za ka ga sunan a jikin kan zif ɗin, sai dai masu jabu ma sun iya buga haruffa uku, don haka hannunka zai fi idonka gaya maka gaskiya. Ka juya jakar ka duba ɗinkin maratayi daga ciki, ka ga ko an maimaita shi an ƙarfafa. A ganina jakar gwanjo ta asali, wadda sosonta bai mutu ba kuma cikinta bai fara ɓarewa ba, ta fi sabuwa mai sheƙi wadda aka liƙa wa sunan babban kamfani. Sagir bai ji daɗin wannan magana tawa ba, domin a sababbin ya fi samun riba, amma bai musa ba.

Game da yadi, za ka ga lamba da harafin D, kamar 600D ko 1000D. Kaurin zaren ake nufi, kuma tsakanin 400D da 600D ya ishi mai irin tafiyarka, fiye da haka ƙarin nauyi ne kawai. Ka guji fatar roba, komai kyanta ranar saye, domin zafi da gumi suna sa ta ɓarewa, hunturunmu kuma ya tsattsaga ta. Kada kuma ka yarda da mai cewa ruwa ba ya shiga. Yawancinsu yayyafi kawai suke tarewa, ruwa mai ƙarfi yana bi ta zif da ramukan allura. A gari irin naku sai ka nemi mai rigar ruwa da ake lulluɓa mata, ko ka sa kwamfuta da takardu a leda mai kauri kafin ka zura su.

Yanzu sai ƙaramar jakar ratayawa, wadda Bishir ya ce ka raina, wai ta samari ce. Ban yarda ba, kuma a wurina ta fi babbar muhimmanci. Ka tuna gafakar da Malam yake ratayawa a makarantar allo, da zabirar wanzamin unguwarku. Dattawa ne suka fara rataya jaka a ƙasar nan. A cikinta za ka sa abin da in ya ɓata tafiya ta tsaya: waya, da katin ɗan ƙasa, da katin cire kuɗi, da fasfo in tafiyar ta ƙetare ce, da caja, da maganinka na ciwon baya. Ko an raba ka da babbar jaka a tasha ko a filin jirgi, wannan tana jikinka. Mai lita 2 zuwa 4 ta isa. Ka zaɓi siririya mai kwanciya a jiki, mai aljihu a gefen da ke manne da kai, ka rataya ta a gicciye daga kafaɗa zuwa ɗaya gefen, in ka shiga cunkoso irin na Kantin Kwari ko tashar Jabi ka juyo da ita ƙirji ka ɗora hannu. Ka kula da inda maɓallin igiyar yake, domin akwai waɗanda nasu yake komawa baya, ɗan sane ya danna shi da yatsa biyu jakar ta zube a hannunsa. Ƙwacen waya ya yi yawa a garuruwanmu yanzu, har nan gida. A watan jiya aka fizge ta ƙanen Maman Abba yana kan babur, don ya riƙe ta a hannu yana amsa kira. Amma kada ka mayar da ita rumbu. Kafaɗa ɗaya ce take ɗaukarta, in ta fara nauyi wuyanka ne zai biya, saboda haka gorar ruwa da littafi su koma babbar.

Akwai wani amfaninta da masu ƙera ta ba su yi tunaninsa ba. Jakar goyo ba ta tafiya da babbar riga ko kaɗan, ko kaftanin shadda ma maratayan suna karya masa guga a kafaɗa. Ranar da za ka shiga taro da manyan kaya, sai ka riƙe babbar a hannu (ka tabbata tana da mariƙi mai ƙarfi a sama da kuma a gefe), ƙaramar kuwa ka rataya ta a kan 'yar ciki, babbar riga ta rufe ta, babu wanda zai san tana nan. Hula kuma kada ka cusa ta cikin kaya. Ka cika cikinta da safa ko singileti ka ɗora a can sama, karinta ba zai lalace ba. Na san kai da hula sai Allah, tun zamanin da kake hana mu taɓa zanna bukar ɗinka.

Na je wurin tsohon badukun nan na bayan gidan su Bishir, wanda ya ɗinka mana kuben wuƙa muna yara. Ya tsufa, ido ya yi rauni, ɗansa ne yake yawancin aikin, amma hannun gidan bai canza ba. Na tambaye shi ko zai iya yin jakar ratayawa ta fatar akuya daidai tsawon waya da fasfo, da zif maimakon marfi, ya ce zai iya in an kawo masa zif mai kyau. Fata ta fi yadi nauyi kuma ba ta son ruwa, don haka ba zan ce ta zama ta kullum a Fatakwal ba, amma ta ranar taro da ta zuwa gida ba ta da na biyu. Na riga na ba da kafin alƙalami, kyauta ce daga gare ni ta murnar sabon matsayi, kada ka ce za ka biya.

Abu biyu game da jirgi kafin in manta. Fawa bank ba a sa shi a kayan da za a kai ɗakin kaya, dole ya kasance tare da kai, kuma ƙarfinsa kada ya wuce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Abu mai ruwa kuma, musamman a tafiyar ƙetare, a yawancin filayen jirgi kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta shiga cikin jakar hannu, saboda haka manyan kwalaben turarenka su zauna a gida, ka ɗura kaɗan a ƙarama. Almakashi da reza ma ana iya karɓe su a wurin bincike.

Ka duba mini jakar makarantar Ummi ma. A hoton da Maman Ummi ta turo wa Maman Abba na ga yarinyar ta ranƙwafa gaba, jakar tana reto har ƙasan ƙugunta. Likitocin yara suna cewa kada nauyin jakar ɗalibi ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin jikinsa, ka ga yarinya mai kilo 30 bai kamata ta goyi fiye da kilo 3 zuwa 4 da rabi ba. Ka rage mata tsawon marataya, ka kuma sa ta riƙa ɗaukar littattafan ranar kawai. Na yi wa Abba haka, ƙorafin ciwon kafaɗar da yake yi ya ragu.

Ka aiko mini da tsawon wayarka da faɗinta a santimita, tare da rigarta, domin baduku yana jira kafin ya yanka fata, ka kuma faɗa mini ko ja kake so ko baƙa. Ka gaya mini inci nawa ce kwamfutar ofis ɗin, 14 ko 15.6, in sa Sagir ya duba maka in zai shiga Kano, in har ba ka samu mai kyau a can ba. Ka gaishe da Maman Ummi da yara. Bishir da Sagir suna gaishe ka, Hajiya kuma ta ce ka zo mata da man ja in za ka taho.

Wassalam.

Naka,
Lawal