Hoton ƙirjin da ke faɗar mana da gaba ya zama abin ado

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili. Mu mazauna Jidda in ka ji an ce hoton ƙirji, ashi'a inji Larabawa, to gabanka ne zai faɗi, don yana cikin gwajin da ake yi kafin a ba ka iƙama, wato takardar izinin zama, in aka hango tabon tarin fuka a huhu kuwa sai ka fara tunanin ɗaure kaya. Ni kaina kwana 3 ban yi barcin kirki ba ina jiran sakamakon nawa.

Rannan ɗan ƙanwata ya nuna min a waya aikin wani ɗan ƙasar Saudiyya, Ahmed Mater, likita ne da ya yi karatu a Abha kafin ya tsunduma harkar zane. Mutumin nan sai ya ɗauko hoton ƙirji da ƙoƙon kai, ya sa guda biyu suna kallon juna kamar shafukan littafi, ya kewaye su da zayyana da ruwan zinare, sak irin wadda alarammominmu ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu. Wallahi na daɗe ina kallo, haƙarƙari a jere reras, ba fata balle a ce wannan Balarabe wannan Takari, sai da na ce Subhanallahi ban sani ba. Akwai wani kuma da famfon gidan mai yake rikiɗa a hankali ya koma ƙwarangwal ɗin mutum ya ɗora bindiga a kansa, wannan kam duk wanda ya san abin da fetur ya yi mana a gida ba sai an yi masa fassara ba.

Dama tun 1895 da Bajamushen nan Röntgen ya gano hasken X-ray da ake ɗaukar irin wannan hoto da shi, hoton da ya zagaya duniya na hannun matarsa ne da zobe a yatsa.

Magana ɗaya dai nake so matasanmu masu sha'awar kwaikwayo su riƙe, hoton cikin mutum sirrinsa ne, ko ba fuska, ballantana galibi sunan mai shi na jiki. A nemi izini tukunna, kar a je asibiti a kwaso na marasa lafiya don an san wani ma'aikaci.

Ni dai na lalubo nawa a ƙasan akwati na ce zan sa masa firam, uwargida ta ce ba dai a falonta ba.

Naka,
Mai karatu daga Jidda