Wasiƙa daga bakin kogin Hudson

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Mu ma nan New York lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Ka tambaye ni ina nake zuwa in na samu hutun aiki. Akwai wani wuri da na daɗe ina son ba ka labarinsa, domin na san yadda kake da jirgin ƙasa tun zamanin da marigayi Baba yake aikin reluwe. Wata tsohuwar gadar jirgi ce a kan kogin Hudson, tsakanin garin Poughkeepsie da Highland, tafiyar kusan awa biyu a jirgi daga tsakiyar birni. Yanzu babu jirgin da ke bi ta kanta, sai masu tafiya a ƙasa da masu keke.

An buɗe ta a farkon 1889. Tsawonta ya ɗan haura kilomita biyu, kuma daga samanta zuwa ruwa mita 65 ne, saboda manyan jiragen ruwa su wuce ta ƙarƙashi ba tare da cikas ba. Ta kanta aka riƙa jigilar kwal da sauran kaya zuwa jihohin arewa maso gabashin Amurka, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji da kayan yaƙi sun bi ta nan. Sai a ranar 8 ga Mayu, 1974, gobara ta tashi a katakan da aka shimfiɗa layin dogo a kansu. Daga ranar jirgi bai sake hawa ba. Kamfanin da ke da ita a lokacin ya riga ya karye, ba shi da halin gyara.

Shekara 35 ta yi a yashe, tsatsa na cin ta. An so rushe ta, amma kuɗin rushewar ma ba kaɗan ba ne, shi ya sa aka yi ta jan ƙafa. Cikin wannan jinkiri ne wasu mutanen yankin suka kafa ƙungiya a 1992, suka ce a bar musu ita su mayar da ita hanyar ƙafa. Su ba gwamnati ba, ba kuma attajirai ba. A 1998 gadar ta zama mallakarsu, amma sai da suka ƙara shekaru suna neman tallafi kafin wata gidauniya ta yankin da gwamnatin jiha da ta tarayya su sa hannu. Wannan haƙuri nasu shi ya fi burge ni a duk labarin.

Da injiniyoyi suka duba, sun tarar ƙarafan da ginshiƙan da ke cikin ruwa suna da sauran ƙarfi, gyara kawai suke buƙata. Abin da aka gina don ɗaukar taragai cike da kwal ai nauyin mutane ba zai dame shi ba. Aka cire layin dogon da tsofaffin katakai, aka jera manyan fale-falen kankare da aka zubo a wani wuri, aka sa shingen ƙarfe hagu da dama. Aikin ya ci dala miliyan 38 da ɗoriya. An buɗe ta ranar 3 ga Oktoba, 2009, shekarar da aka cika shekara 400 da zuwan Henry Hudson, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, wannan kogi. A 2014 kuma aka ƙara mata lifta mai gilashi daga bakin ruwa.

Wallahi aminina, in ka tsaya a tsakiyarta sai ka ji ƙirjinka ya buɗe. Iska na kaɗawa, jiragen dakon kaya na wucewa a ƙasanka, ga tsaunukan Catskill can nesa ta arewa. A watan Oktoba ganyayen itatuwa kan rikiɗe su koma ja da rawaya a gaɓa biyun. Za ka ga tsofaffi na takawa a hankali, mata na tura kekunan jarirai, ga masu keken guragu, kowa na tafiyarsa ba ƙarar mota. Kuma hawa kyauta ne. A ganina nan ne aikin ya yi kyau, don da an sa kuɗin shiga da talakan garin ya koma kallonta daga nesa kamar yadda ya yi shekara da shekaru.

In Allah Ya nufa ka samu bizar nan, ka yi ƙoƙari zuwanka ya faɗo a kaka, kuma ka taho da rigar sanyi mai kauri domin iskar saman gadar ba ta da wasa. Ka gaishe min da Hajiya da uwargida da yara, da duk mutanen majalisa.

Naka amini har kullum.